Kafin Mu Ce "An Ce"

Karatu: Yakubu 3:1-12, Joshuwa 22:10-34

Zuwa ga matasan ikilisiyoyinmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ba ya bukatar mai fassara idan ya buɗe Yakubu sura 3. Kwatancin da Yakubu ya yi na harshe da wutar daji, mu ba a littafi muka fara ganinsa ba. Da zarar an gama kaka, hunturu ya busar da ciyawa, sai mu fara hango hayaƙi ta wajen dajin Falgore ko a bayan gari. Sau da yawa yaro ɗaya ne mai neman gafiya, da tsinken ashana ɗaya. Shi dai nama yake nema, bai tashi da niyyar ƙona dawar kowa ba. Amma iska ba ruwanta da niyya. Kafin la'asar, damin da wani ya yi wata biyar yana wahala a kansa ya zama toka, yaron kuwa yana gida yana cin tuwo, wataƙila bai ma san wutarsa ce ba.

Irin wannan wuta ta taɓa ci a cikin gari, kuma da baki aka kunna ta. Da yawa daga cikinku ana goye da ku a lokacin, wasu ba a ma haife su ba, don haka ya kamata ku ji. Ranar Juma'a, 28 ga Satumba 2007, magana ta tashi a makarantar sakandaren gwamnati ta Tudun Wadan Ɗankadai cewa wani ɗalibi Kirista ya yi zanen ɓatanci ga Annabin Musulunci a bangon masallacin makaranta. Ɗaliban Kirista sun musanta. Amma kafin a tsaya a bincika, maganar ta tsallake katangar makaranta ta shiga gari. An kashe aƙalla mutum tara, an ƙone majami'u da shaguna da gidaje, iyalai suka watse. Yawancin waɗanda suka fito da sanda da fetur a ranar ba su ga bangon da idonsu ba. Ji suka yi. Wanda ya gaya musu, shi ma ji ya yi.

Ba mu tono wannan don mu fama tsohon miki ba, ba kuma don mu ɗora wa maƙwabtanmu na yau laifin jiya ba. Mun kawo shi ne domin akwai wani nauyi da ya ɗora mana. Jama'ar da ta san da jikinta abin da "an ce" ke iya yi, ita ya kamata ta fi kowa tsoron furta "an ce". Abin takaici, ba haka muke gani a cikin wayoyin matasanmu ba, ba haka muke ji a gindin bishiyar majami'a bayan an tashi sujada ba.

Kada wani ya ɗauka wannan cuta ta addini ɗaya ce ko ta ƙabila ɗaya. A ƙarshen watan Maris 2025, mafarauta 16 'yan jihar nan tamu, da yawansu daga wajen Bunkure, suna hanyar dawowa gida Sallah daga Fatakwal, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne. Kalmar nan ta isa. Aka kashe su, aka ƙone su. Uwayen da suka yi kuka a Bunkure a 2025 da waɗanda suka yi kuka a Tudun Wada a 2007, abu ɗaya ne ya raba su da 'ya'yansu: zargi da ya sami ƙafafu kafin ya sami shaida. Idan zuciyarmu ta yi zafi a kan ɗaya ta yi sanyi a kan ɗayan, to, ba ƙarya muke ƙi ba, ɓangarenmu kawai muke so.

Akwai wani labari a Joshuwa sura 22 da ba a cika wa'azi a kansa ba, ga shi kuwa kamar don mu aka rubuta shi. An gama yaƙin cin ƙasa. Joshuwa ya sallami kabilar Ra'ubainu da ta Gad da rabin ta Manassa su koma gādonsu a hayin Urdun. Da suka isa bakin kogi, sai suka gina wani ƙaton bagade. Labari ya kai wa sauran kabilu cewa 'yan'uwansu sun gina wa kansu wurin hadaya dabam, wato sun juya wa Ubangiji baya. Nan da nan jama'a suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Ku lura, waɗannan mutane ne da suka yi shekaru suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa. Labari ɗaya ya kusa sa su yanka juna, kuma kowa a Shilo yana ganin kishin Allah yake yi.

Abin da ya tsare jini a ranar ba mu'ujiza ba ce. Aike ne. Kafin a zare takobi, aka tura Finehas ɗan Ele'azara firist tare da shugabanni goma su je su ji daga bakin masu bagaden. Finehas ba mutum ne mai sanyin hali ba. Wanda ya karanta Littafin Ƙidaya sura 25 ya san haka. Maganar da ya fara yi musu ma da zafinta, har ya tuna musu da zunubin Akan. Amma ya yi abu biyu da suka ceci al'umma. Ya yi musu tayin cewa in ƙasarsu ce matsalar, su haye su zauna tare da su, a raba gādo. Sannan ya yi shiru ya saurara.

Da suka buɗe baki, sai ga wani abu dabam. Ba don hadaya suka gina bagaden ba. Tsoro ne ya sa su: suna gudun kada wata rana jikokin mutanen yamma su dubi kogin da ke tsakani su ce wa jikokinsu ba su da rabo cikin Ubangiji. Bagaden shaida ne cewa su ma na gida ne. Mu Hausawa masu bin Yesu mun san wannan tsoro sarai. A wani wuri ana ce mana ai Bahaushe ba ya zama Kirista, a wani wurin kuma, har cikin majami'un birni, ana jin Hausarmu a yi mana kallon baƙi. Abin da aka gani a bakin Urdun gaskiya ne, akwai bagade. Fassarar da aka yi masa ce ƙarya. Yawancin jita-jitar da ke ɓata zumunci haka take: an ga wani abu da gaske, sai aka liƙa masa ma'anar da mai shi bai taɓa nufi ba. Finehas ya koma Shilo da bayani, aka yabi Allah, kowa ya mai da takobinsa kube.

Shari'ar Musa ta riga ta shimfiɗa wannan. Fitowa 23:1 ta hana baza labarin ƙarya, aya ta biyu kuma ta hana bin taro zuwa ga mugunta. Maimaitawar Shari'a 13 ta ce ko da labarin bautar gumaka ne aka ji game da wani gari, sai an yi tambaya an bi diddigi sosai kafin a ɗauki mataki, sura 19 kuma ba ta yarda a kama mutum da bakin shaida ɗaya ba. Allah ya fi mu kishin sunansa, duk da haka bai ba kowa izinin hukunci a kan ji ba.

Yanzu ku dubi abin da ke hannunku. A 2007 magana da ƙafa take tafiya, sai ɗan abin da wayar lokacin ta iya ɗauka. Yau saƙon murya da aka yi a Kwanar Ɗangora zai isa Riruwai kafin mai shayi ya gama haɗa kofi ɗaya. Ana turo hoton gawawwaki a ce jiya ne a ƙauye kaza, alhali hoton ya shekara biyar, wani lokaci ma ba daga Nijeriya yake ba. Ana turo murya marar suna tana cewa kada a sayi kaza a hannun su wane, sun sa guba. Ƙarshen saƙon kuma kullum iri ɗaya ne: in kana ƙaunar Yesu, ka tura wa mutum goma. Sai ɗan'uwa ya tura, ya ƙara da cewa shi dai yadda ya samu haka ya tura. Wannan kalma ba ta wanke kowa. Yaron gafiya ma zai iya cewa shi ashana kawai ya ƙyasta. Kamfanin WhatsApp da kansa ya rage yawan mutanen da za a iya tura wa saƙo a lokaci ɗaya zuwa biyar, ya fara da Indiya a 2018, bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Idan kamfanin da ke cin riba da yawan saƙo ya ga dole ya sa wa abinsa linzami, ina ga wanda Ruhu Mai Tsarki ke zaune a cikinsa?

Wani zai ce, "To Fasto, in abin gaskiya ne fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana 1 Sama'ila 22. Doyeg mutumin Edom ya ga Ahimelek firist ya ba Dawuda gurasa da takobin Goliyat. Da idonsa ya gani. Ya riƙe maganar har ranar da Saul yake cikin fushi yana zargin kowa da cin amana, sannan ya ajiye ta a gabansa. Bai ambaci cewa Ahimelek bai san Dawuda gudu yake yi ba. A ranar aka kashe firistoci 85, aka hallaka garin Nob. Gaskiya ce Doyeg ya faɗa, amma ya zaɓi kunnen da zai zuba ta, ya zaɓi lokacin, ya yanke rabin da zai kāre mutumin. Saboda haka "ai gaskiya na faɗa" ba ta isa hujja ba. Sai an ƙara da wa ka gaya wa, don me, kuma me ka bari a baya.

A nan ne maganar ta shigo cikin majami'a, inda ba a zub da jini amma ana kashe mutane a tsaye. Yarinya ta yi kuskure, dattawan ikilisiya sun sa ta ƙarƙashin horo. Manufar horo ita ce a maido da ita. Amma kafin wata shida su cika, bakunan 'yan zumunta sun riga sun yanke mata hukuncin da ya fi na dattawa: an daina zama kusa da ita, in ta shigo sai a taɓa juna, an ba ɗan da ta haifa wani suna a ɓoye. Ranar da aka karɓe ta a gaban jama'a an tafa, amma kunnenta ya riga ya ji abin da ya ji. Bayan shekara sai mu ji ta bar bangaskiya ta yi aure a wani wuri, mu taru muna cewa an yaudare ta. Wataƙila an yaudare ta. Sai dai ya kamata a tambaya, a wane gida ta fara jin magana mai daɗi bayan faɗuwarta, a namu ko a nasu?

Akwai kuma gulmar da ta sa rigar addu'a. "Mu sa 'yar'uwa wance cikin addu'a, kun dai san halin da gidanta ke ciki," sai a kwance komai dalla-dalla, a yi minti goma ana bayani, a yi rabin minti ana addu'a. Yesu ya ba da tsari a Matiyu 18: a fara zuwa wurin mutumin shi kaɗai. Mu kan juya tsarin, kowa ya ji, sai mai laifin ne na ƙarshe.

Sai batun sunaye. Kakannin da yawa daga cikinmu Maguzawa ne, kuma mun san yadda kalmar "arne" ke sauka a ƙirji, ko a kasuwa, ko a aji, ko a layin awo. Kalma ce da ke cire mutum daga sahun mutane kafin a san sunansa. To me ya sa idan muka keɓe, mu ma muke da namu sunayen da muke kiran Musulmi da su, waɗanda ba za mu iya maimaitawa a gabansu ba? A yawancin gidajenmu kaka ɗaya ne ya haifi mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a. Wanda kake yi wa laƙabin nan baffanka ne, ko ɗan gwaggonka, wanda zai zo gayyar gonarka ya kuma ɗauki makarar mahaifinka. Haka kalmar "Fulani" ta fara zama daidai da "ɓarawo" a bakin wasu matasanmu. A shekarun da ɓarayin shanu suka addabi dajin Falgore, Fulani makiyaya suna cikin waɗanda suka fi kowa asara, don shanunsu ake korewa. Yakubu ya ce abin kunya ne baki ɗaya ya yabi Allah ya kuma zagi mutum, dalilinsa kuwa shi ne mutumin nan cikin kamannin Allah aka yi shi. Bai ce sai in mutumin mai bi ne ba. A Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai. A 1994, cikin kwana ɗari, aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a cikin majami'u. Sai da aka canja musu suna kafin aka iya ɗaga adda.

Mun san abin da wasunku ke faɗa a zuci, don mun sha jinsa a taron matasa: kullum mu ake ce wa mu yi haƙuri, mu tausasa harshe, su kuwa suna faɗin abin da suka ga dama a lasifika. Wannan ƙorafi yana da tushe, ba za mu share shi ba. Akwai wuraren da samun filin gina majami'a ya zama aiki, akwai makarantun da ba mai koyar da darasin addinin Kirista, akwai 'ya'yanmu da ake tambayar asalinsu a garin da aka binne kakanninsu. Kuma muna faɗa ba tare da kwana-kwana ba: babu wata magana da ta halatta kisa. Jinin Deborah Samuel, wadda aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022 saboda saƙon murya a WhatsApp, yana wuyan waɗanda suka kashe ta. Rhoda Jatau ta jihar Bauchi ta yi wata 18 a tsare saboda saƙon da ta tura game da wannan kisa, kafin kotu ta wanke ta a ƙarshen 2024. Kiran da muke yi na kula da harshe ba ya nufin waɗanda aka zalunta su suka jawo wa kansu.

Tausasa harshe kuma ba shiru ba ne. Da wani ɗan tsaro ya mari Yesu a gaban babban firist, Yesu ya tambaye shi dalilin marin (Yahaya 18). Da aka yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari aka ce su tafi a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su, domin doka ta ba su wannan 'yanci (Ayyukan Manzanni 16). Mu ma muna da sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi. A rubuta takarda, a je wurin dagaci da hakimi, a bi ta shugabannin CAN da Tarayyar Masihiyawa, a je kotu in ta kama. Duk wannan ana iya yinsa da murya a tsaye ba tare da an zagi uwar kowa ba.

Ku dubi abin da ya faru a Afisa, a Ayyukan Manzanni 19. Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana wa'azi a birnin da ke taƙama da haikalin Artimis. Bai ɓoye koyarwarsa ba, har maƙeran azurfa suka ga cinikinsu na ja da baya, Dimitiriyas ya tayar da tarzoma. Luka ya rubuta wani abu da ya kamata ya ba mu dariya da tsoro a lokaci ɗaya: yawancin masu ihun ba su san abin da ya tara su ba. Wanda ya kwantar da tarzomar shi ne magatakardan gari, mutumin da ba mai bi ba ne. Hujjarsa kuwa ita ce, mutanen nan ba su yi wa haikali fashi ba, ba su kuma zagi allahiyar garin ba. Shekara biyu da ɗoriya na wa'azi, amma ba a sami zagi ɗaya da za a riƙe ba. Wannan ne ma'aunin. Idan rana ta ɓaci a unguwarku, mai unguwa ko limamin masallacin kusa da ku zai iya miƙewa ya ce, "Yaran nan na san su, ba sa zagin addinin kowa"? Shaidar nan ba a ranar tashin hankali ake nemanta ba. Ana tara ta ne a shagon cajin waya, a filin ƙwallo, a ƙarƙashin abin da kuke rubutawa a Facebook.

Irin wannan miƙewa tana faruwa, ba tatsuniya ba ce. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. Ba shi da bindiga. Tsayawa ya yi a gaban maharan yana roƙonsu, ya ƙi ba da mutum ko ɗaya. Dattijo ɗaya da bakinsa.

Littafin Mahukunta ya ajiye mana mutum biyu da suka gamu da tsokana iri ɗaya. Mutanen Ifraimu sun zo wa Gidiyon da faɗa, suna cewa don me bai kira su yaƙi ba. Gidiyon yana da abin faɗa, amma sai ya ɗaga abin da su suka yi, ya nuna musu cewa kama shugabannin Madayanawa biyu da suka yi ya fi nasa aikin. Fushinsu ya kwanta, kowa ya tafi (sura 8). Bayan wasu shekaru suka zo wa Yefta da magana irin wannan, har da barazanar ƙona gidansa. Yefta ya mayar musu da zargi, ya ce ai ya kira su ba su zo ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Amma ƙarshenta aka tare mashigin Urdun ana sa mutane su furta kalma ɗaya, wanda harshensa ya karkace a yanka shi, har mutum 42,000 (sura 12). Duk wanda ya taɓa jin labarin shingen hanya a Kaduna ko Jos, inda ake tambayar matafiyi sunansa ko a sa shi ya yi wata addu'a, ya san wannan sura ba tsohon tarihi ba ce kawai. Gidiyon bai zama ƙarami don ya tausasa ba. Shi ne dai ya ci yaƙin, ya kuma koma gida da 'yan'uwansa a raye.

Bari mu ɗan ratse, don akwai wata koyarwa da ke yawo a talabijin da wayoyi wadda ke rikita matasa. Ana ɗaukar Karin Magana 18:21 a ce duk abin da ka furta sai ya faru, in ka ce kana da mota za ka same ta, in ka ce ba ka da lafiya ka jawo wa kanka ciwo. Wannan ya yi kama da tsohon tsoronmu na kambun baka, an dai sa masa aya ne. Allah kaɗai ke magana abu ya kasance daga babu. Bal'amu an biya shi ya la'anta Isra'ila, bakinsa ya kasa, Karin Magana 26:2 kuma ta nuna la'anar da ba ta da dalili ba ta sauka a kan kowa. Don haka wanda wani ya yi masa baki kada ya kwana da fargaba, yana cikin Almasihu. Ikon harshenmu ba na sihiri ba ne. Yana aiki ne ta kunne da zuciya. Yaron da ya shekara goma sha biyar yana jin "ba za ka yi albarka ba" daga bakin mahaifinsa, ba wani aljani ne zai kama shi ba. Zai dai yarda da maganar, ya daina ƙoƙari. Iyaye da ke leƙa wannan shafi, da malaman makarantar Lahadi, wannan taku ce. Ku matasa kuma, ƙannenku suna koyon yadda ake magana da mace daga yadda kuke magana da yayyenku mata da 'yan matan zumunta.

Akwai gefen da ya fi daɗi, wanda al'adarmu ta riga ta ba mu rabinsa. Bahaushe ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Mai saurin zamani yana ganin ɓata lokaci ne, amma kowace gaisuwa tana gaya wa mutum cewa an gan shi. Afisawa 4:29 ta ɗauki wannan ta kai shi gaba: maganarmu ta zama mai gina mutum daidai da bukatarsa a lokacin. Wato sai ka san bukatar kafin ka buɗe baki. Wanda ya faɗi jarrabawa karo na biyu ba wa'azi a kan lalaci yake bukata ba. Gwauruwar da ruwa ya cinye mata shinkafa ba ta bukatar a gaya mata wataƙila akwai zunubi a gidan. Abokan Ayuba sun gwada wannan, Allah ya tsawata musu. Barnaba ya tsaya wa Shawulu da baki a Urushalima lokacin da kowa ke gudunsa, daga baya ya tsaya wa Markus lokacin da Bulus da kansa ya fid da rai da shi. Maganar mutum ɗaya ta riƙe wa ikilisiya ma'aikata biyu da yau muke karanta littattafansu.

Zaɓen 2027 yana matsowa, kuma mutanen Tudun Wada da Doguwa ba su manta da Fabrairun 2023 ba, lokacin da aka ƙone ofishin jam'iyya a Tudun Wada aka rasa rayuka. Lokacin siyasa lokacin saƙonni ne, wasu ma biya ake yi a ƙirƙira su, kuma masu ƙirƙirar sun san cewa saƙon da aka shafa wa addini ya fi gudu. Shi ya sa muke ba kowace zumuntar matasa wannan shawara tun yanzu. A zaɓi mutum biyu masu natsuwa, namiji da mace, su zama Finehas na zumunta. Duk labarin hari, ko na ɓatanci, ko na sace yarinya, ko na abin kunya game da wani ɗan'uwa, kada ya shiga zauren WhatsApp na zumunta sai ya bi ta hannunsu, su kuma su kira wani da ke wurin da abin ya faru, wanda ya gani da idonsa. In haɗari ne na gaske, a sanar da fasto da dattawa da jami'an tsaro nan take, wannan ya fi tura wa mutum ɗari. In ba a tabbatar ba, ya tsaya a nan. Waɗannan mutum biyu kuma su riƙe lambar mai unguwa, da ta shugaban matasan masallacin da ke kusa, da ta wani a rugar da ke maƙwabtaka da ku, su je su gaishe su tun ana zaman lafiya, a san fuskar juna. Shugabannin zumunta su kawo wannan a taron kwamiti na gaba, su zo da sunayen mutum biyun.